Ba a Waiwaye a Kan Gada

Inda rumfar kulob ɗinmu take a da, a bakin hanyar da ta fita daga Gwarzo ta nufi Kabo, yanzu wani mai walda ne yake ƙera ƙofofi. Darbejiyar da muke jingina kekuna a gindinta tana nan, sai dai an sare mata reshe ɗaya saboda wayar lantarki. Mutane kaɗan ne suka rage da za su iya nuna maka inda muke zama. Ni ina cikinsu, kuma tunda ƙafafuna sun fara gardama, na ga gara in rubuta abin da na sani tun hannu yana iya riƙe biro. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata injin niƙa. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri.

An kafa kulob ɗin ne lokacin da ƙasa take cikin yalwa, lokacin da ma'aikaci kan sayi babur sabo fil bai ji a jikinsa ba. Wani Alhaji mai sayar da yadi, mai farar mota, shi ya fara kawo maganar. Ya ga irin kulob ɗin masu motoci a birni, ya ce mu ma me zai hana. Da aka duba, masu motar da suka yarda ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dole aka buɗe ƙofa ga masu babur irina. Mu kuma muka ce ai abokan hirarmu duk masu keke ne. Haka aka wayi gari kulob ɗin masu mota rabinsa kekuna ne, Alhaji yana shugaba.

Cikin masu keken akwai wani baduku daga wajen Madadi, ya girme mu duka. Baba muke ce masa, har Alhaji. Siriri ne, dogo, mai tafiya a miƙe kamar an sa masa sanda a riga. Duk wanda ya shiga kulob, Baba zai ɗinka masa rigar sirdi ta jar fata mai tuntaye, in mai mota ne ya naɗe masa sitiyari. Da wannan ake gane mu a kasuwa. Kekensa baƙi ne, ya sha ado, ga fitila, ga madubi biyu, ga famfo a maƙale, kariyar ɗaukar kaya ta baya ma an shimfiɗa mata fata. Amma abin da kowa ya fi sani shi ne ƙararrawarsa. Ta taɓa faɗuwa ta tsage, sai muryarta ta dushe, ga wata 'yar rawa a ƙarshen kukanta kamar mai mura. Ko a tsakiyar hayaniyar kasuwa ka ji ta, ka san Baba ne.

Yana da taubashi a cikinmu, ɗan kawunsa, mai akori-kura da yake jigilar hatsi. Shi kaɗai ne ba ya ce masa Baba, kuma ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Kai baduku, ka kai tsohuwar nan asibiti mana, tarin nan nata ya yi yawa."

"Tarinta ya fi kukan jakin da ka ɗaure a gaban motarka. Jiya da ka danna hon, kajin unguwarmu sai da suka daina ƙwai."

"Hassada ce. Zo in ɗora ka a baya kai da buhunan dawa, ka ji yadda iska take."

"Ni da buhu? Allah ya kiyaye. Buhu ba ya zaɓen direba, ni kuwa ina zaɓa."

Ba mu da dokoki a takarda, amma akwai wadda kowa ya haddace: ƙafa ba ta shiga. Duk girmanka, in ba a kan taya ka zo ba, ba ka zama a bencin rumfa. Alhaji ne ya kawo ta, don kada kulob ya koma majalisar 'yan zaman kashe wando, kuma duk muka tafa masa, har da Baba. A lokacin ba wanda ya zaci taya abu ne da zai iya kuɓuce wa mutum.

Kowace Lahadi da hantsi mukan fita zuwa Kabo. Kekuna a gaba, babura a tsakiya, motoci a baya suna rarrafe, don kada mai keke ya sha hayaƙi. Can ƙarshe sai akori-kurar taubashi, wadda muke kira mai shara. Wanda tayarsa ta sace ko sarƙarsa ta tsinke, ita za ta kwashe shi da abin hawansa. A Kabo mu sha fura a gindin wata tsamiya, mu yi azahar, a yi ta musu kan wane inji ya fi wane, mu juyo bayan la'asar. Iyakar abin ke nan. Amma mutane kan fito ƙofar gida su kalle mu, mu kuwa muna jin kanmu.

Mutanen ƙauye ba sa shigowa Gwarzo. Kowa yakan jira a bakin turbarsa, in ayari ya iso ya shiga layi. Saboda haka sai an kai wata 'yar gada a kan rafi sannan ake tabbatar da kowa ya hallara. A nan muke tsayawa a gefen titi, layi ɗaya, fuska na kallon Kabo, a kashe injuna. Alhaji ya danna hon sau ɗaya. Daga nan kowa ya amsa da nasa, hon ko ƙararrawa, bi da bi, gwargwadon wanda ya riga wani shiga kulob. Muna kiran wannan amsa. In aka zo kan wani aka ji shiru, sai a juya a nemo shi, ba wanda zai wuce sai an same shi. Kuma ba a waiwaye. Wannan Baba ne ya kawo ta. Ya ce wanda ya san ɗan'uwansa ya san muryarsa, waiwaye kuwa kamar ka ce masa kana zaton ya gaza ne. Wanda ya juya wuya, tararsa goron ranar. An sha dariya a kan haka, an sha goron banza, har wuyanmu ya saba.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. A rediyo aka fara faɗa, muka ɗauka maganar mutanen birni ce. Sannu a hankali fetur ya zama abin bin layi. Tub ɗin keke sai ka ga faci a kan faci har ba ka gane asalin robar, wasu ma suka koma cusa tsumma a taya. Ma'aikatan da aka sallama suka fara sayar da baburansu. Motoci suka hau duwatsu a ƙofar gida, kaji na fakewa a ƙarƙashinsu. Ta Alhaji kaɗai ta rage, ita ma sai Lahadi take ganin titi. Akori-kura ta hau dutse, don wani ƙarfe ya karye a injinta, an nema har Kano, da aka samu tsadarsa ta fi ƙarfin mai ita. Taubashi ya dawo kan wani tsohon keken surukinsa, gwiwoyinsa na dukan kan keken. Daga ranar ba mu da mai shara, amma ba wanda ya ce a sake tsari. Ni ma na jingine babur na koma keke, ina cewa likita ne ya ce in riƙa motsa jini. Kowa da irin ƙaryarsa, kuma kowa yana karɓar ta ɗan'uwansa hannu biyu.

An taɓa tada maganar dokar ƙafa a rumfa. Wani malamin makaranta da ya sayar da babur ɗinsa ya aiko a tambaya ko zai iya zuwa hira kawai. Muka yi ta juya maganar, ƙarshe aka ce in an buɗe wannan ƙofa, me ya rage mana? Aka bar doka yadda take. Baba yana zaune ranar, yana ta murza wani zaren fata a yatsa.

Shi sana'arsa ta riga ta kwanta. Fata ta yi tsada, takalman roba sun cika kasuwa, ba mai neman ado. Muka fara ganin kekensa yana tuɓewa. Madubi ɗaya ya tafi, sannan ɗayan. Fitila ta bi. Wata Lahadi sai ga shi ba kariya.

"Baduku, ɓarayi ne suka tare ka, ko keken ne zai shiga wanka?" in ji taubashi.

"Nauyi nake rage masa. Kai da ka saba da buhu ba za ka gane ba."

Aka yi dariya, har da shi.

Ranar da abin ya fara, mun wuce bakin turbar da yake jira ba mu gan shi ba, muka ce ko ya yi gaba. Aka tsaya a gada, Alhaji ya danna hon, na biyu ya amsa, aka yi ta amsawa har aka zo kan Baba. Sai muka ji ta. Muryar nan mai mura, ba shakka ita ce, amma ba daga layi ta fito ba. Daga ƙasa ta fito, siminti ya ƙara mata amo, ta yi wani zurfi kamar daga cikin rijiya.

Ba wanda bai gane ba. Ya sayar da keken, ya cire ƙararrawar ya riƙe. Ya taso da sassafe daga Madadi a ƙafa, ta cikin gonaki, ya sauka ƙarƙashin gada ya jira mu, don kada a zo kansa a ji shiru. Domin wanda aka daɗe ba a ji muryarsa a gada ba, ya fita daga kulob ke nan, ba sai an gaya masa ba. Baba kuwa da hannunsa aka kafa dirkokin rumfar nan, kuma ba shi da wata majalisa sai ita.

Wanda ke bin Baba a amsa wani mai gyaran rediyo ne, yana gabana a layi. Na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙararrawarsa. Sai ya kaɗa. Na gaba ya kaɗa. Amsa ta zagaya har ƙarshe, aka tada injuna, aka wuce. A Kabo, da mai fura ta raba ludaya ta ga saura ɗaya, ta ce ina dattijon nan mai tsokana? Alhaji ya ce, "Ya juya daga gada, aiki ya yi masa yawa." Muka ce haka ne, aiki ya yi masa yawa. Daga ranar wannan ta zama amsarmu ga duk mai tambaya.

Mun ɗauka rufin asiri muke yi masa, kuma har wani daɗi muke ji a ranmu cewa mu masu kara ne. Ya daina zuwa rumfa, tunda ƙafa ba ta shiga, amma wurinsa a benci yana nan, ba mai zama. In muka gamu da shi a kasuwa, sai a ce, "Baba, ranar Lahadi ka yi saurin juyawa," shi kuma ya ce, "Wallahi aiki ne." A gaisa a rabu.

Wata rana a rumfa taubashi ya kasa haƙuri.

"Alhaji, tafiyar nan ta yi wa tsohon nan yawa. Ni zan riƙa ɗauko shi a kariya."

"Wa za ka ɗauko?"

"Haba Alhaji."

"Tambayarka nake. Ka ga wani a ƙasa ne? Ni dai ban ga kowa ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka gani?"

Na ce ban gani ba.

"To. Ranar da ka ce masa hau, ka gaya masa mun gani ke nan. Kana jin zai sake fitowa? Mutumin da ya ɗinka wa kowannenmu rigar sirdi, ka ɗora shi a baya kamar buhu?"

Taubashi ya san daga bakinsa maganar buhu ta fara fitowa. Abin da ya koma yi shi ne, ran Asabar da yamma ya je ya ajiye goro a ganye a kan wani dutse a ƙarƙashin gadar. In ya koma sai ya tarar babu goron, ganyen kuwa an linke shi tsaf an danne da tsakuwa. In sun haɗu su ci gaba da tsokanar juna, ba mai ambaton keke, ba mai ambaton goro.

Haka aka ci rani, aka shiga damina.

Lahadin da nake son faɗa, an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai kyau, dawa ta kai ƙugu. Tun kafin mu gama tsayawa, tun injuna ba su mutu ba, muka ji ƙararrawar tana kaɗawa. Ba sau ɗaya ba yadda aka saba. Kaɗawa take ba tsayawa, ta yi sauri, ta sassauta, ta sake ɗauka.

Taubashi ya yi dariya ƙasa-ƙasa daga bayana. "Tsohuwa ta ƙagu yau. Ta ji sanyi."

Wasu suka murmusa. Alhaji ya ɗan jira ko za ta yi shiru, ba ta yi ba, sai ya danna hon a kanta. Na biyu ya amsa, na bayansa suka bi. Aka zo kan Baba, sai ta tsaya cak.

Muka saurara. Ba abin da ake ji sai gudun ruwan rafi da wata kurciya. A dokarmu, shiru a nan yana nufin a nemo mutum. Amma ina za a nemo wanda yanzu-yanzu ya cika mana kunne? Kuma neman yana nufin a sauka a leƙa, a haɗa ido da shi yana tsugune da ƙararrawa a hannu ba keke. Tsakanina da bakin gadar bai fi in jingine keke in miƙa wuya ba. Na ji wuyan yana so ya juya. Na hango fuskar Baba in ya ɗago ya ga tawa, sai na bar wuyan inda yake. Kowa a layin nan da abin da ya hango.

"Mun ji shi ai," in ji Alhaji daga tagar motarsa.

Mai gyaran rediyo ya kaɗa tasa, amsa ta zagaya. Da muka tashi, muna hawan tudun da ke gaba, na sake jin ta sau ɗaya a bayanmu, a raunane. Ban sani ba ko wasu sun ji. Ban taɓa tambaya ba.

Furar ranar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Taubashi ya ce cikinsa na ciwo, ya riga mu juyowa, shi ya tarar da mutane a gada. Wani makiyayi da ya kawo shanu shan ruwa bayan azahar ne ya ga Baba kwance a gefen rafi, rabin jikinsa cikin laka. Ƙugunsa ya karye, ɓarin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Ko santsi ne ya kwashe shi faɗuwar ta jawo ciwon, ko ciwon ne ya kada shi, ba wanda ya sani. Hannu ɗaya ya rage masa mai motsi, a cikinsa ƙararrawar take. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Abin da ban gane ba har yau shi ne dalilin da ya sa ta yi shiru daidai kansa. Wata rana in ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Wata rana in ce a'a, da gangan ya yi. Ya ga kaɗawa ba ta sa mun sauko ba, sai ya tuna abin da kowannenmu ya sani, cewa shiru ne ke sa a nemi mutum. Ya ba mu shirun a daidai wurin da ya kamata, mu kuma muka ce mun ji shi.

Bayan an dawo da shi daga asibiti muka je dubiya gaba ɗayanmu. Muka jera ababen hawa a ƙofar gidansa, rigunan sirdin da ya ɗinka suna ja a cikin rana. Yana kwance a zaure, idonsa yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ban ga fushi a ciki ba, da na gani da ya fi min sauƙi. Matarsa ta gaishe mu daga bayan asabari, ta tambayi iyali, ta yi godiya, sannan ta ce, "Alhaji, in yi tambaya mana. Da ya kaɗa, ba ku ji ba ne?"

Alhaji ya dubi tabarma. "Mun ji, Inna."

"To," ta ce.

Bai kai kaka ba ya rasu.

Bayan an share makoki muka sake fita. A gada, da aka zo kansa, mai gyaran rediyo bai kaɗa ba. Ya jira daidai tsawon da ƙararrawar Baba kan ɗauka har rawarta ta mutu, sannan ya kaɗa. Ba wanda ya ce a yi haka, ba wanda ya ce a bari. Shekaru muka yi muna barin wannan gurbi. Kulob yana ta raguwa, wasu sun rasu, wasu sun koma birni wurin 'ya'yansu, babur ya zama abin haya a hannun samari, ba mai fitowa ƙofar gida ya kalle mu kuma. Amma gurbin yana nan. Akwai ranakun da a cikin shirun nan nake jin ta. Na san ƙararrawar tana gidan taubashi, ya naɗe ta da fata ya ɗaure tamau don kada ta yi ƙara ko an taɓa. Duk da haka ina ji.

Da aka ƙaddamar da shari'a, kalmar kulob ta zama abin kunya, don a hancin mutane tana warin giya. Mu ba a taɓa kurɓar komai a rumfarmu ba sai shayi da kunun tsamiya, amma muka goge allon sunan da ke bakin rumfa muka rubuta ƙungiya, aka kwashe kartar da wasu ke bugawa. Ba wannan ne ya kawo mana baƙo ba. Magana ce ta yaɗu cewa wasu tsofaffi suna tsayawa a gada duk Lahadi su yi ta busa, sannan su yi tsit suna jiran aljani ya amsa musu. Har da masu rantsuwa sun ji ƙararrawa a wurin da rana tsaka, ba kowa a titi.

Wani malami matashi daga kwamitin da ke sa ido kan irin waɗannan abubuwa ya zo rumfa wata la'asar. A ƙafa ya zo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da gona da ƙarfin jiki, ya zauna a benci. Muka dubi ƙafafunsa, muka dubi juna. Ba wanda ya ce masa ƙafa ba ta shiga, rumfa kuma ba ta faɗo mana ba.

"Iyayena, ba da rashin kunya na zo ba," ya ce. "Magana ake ta yi, na ga gara in ji daga bakinku. Wa kuke jira a gada?"

Alhaji, wanda a lokacin ya tsufa har sai an tuƙa shi, ya fara cewa al'ada ce kawai ta sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Taubashi ya katse shi.

"Alhaji, bari. Malam, ɗan gwaggona muke jira."

Ya faɗi komai, tun daga madubin farko har yatsun da aka ɓamɓare. Wannan ne karon farko da na ji an faɗi labarin da baki, kuma a gaban mutanen da duk sun san shi.

Malamin ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zame masa kaffara. Mamaci dai ba ya amsawa, kun fi ni sani. Addu'a yake buƙata da sadaka. Tsayuwar nan ku bar ta, tana ruɗa jama'a." Ya sa takalmi ɗaya, sai ya tsaya. "Amma Baba Alhaji, me ya hana ku leƙawa?"

"Kunya," in ji Alhaji.

"Tasa ko taku?"

Malamin ya ga ya taɓa inda bai yi niyya ba, ya nemi gafara ya tafi.

Muka yanke za mu je sau ɗaya na ƙarshe, ba hon ba ƙararrawa, mu yi masa addu'a a wurin. Muka ajiye ababen hawa daga nesa, muka taka zuwa gadar, muka sauka ta gefen da yake sauka, muna riƙe da juna saboda gangaren. Duk shekarun nan, in ban da taubashi, ba wanda ya taɓa ganin ƙarƙashinta. Wuri ne ƙarami, sai ka sunkuya. Ga dutsen da ake ajiye goro. Taubashi ya nuna mana inda yake zama, a daidai baki, ba can ciki ba yadda na daɗe ina zato.

Na zauna a wurin na ɗaga kai. Ashe daga nan ana ganin gefen titi sarai, duk inda masu keke kan tsaya bayan sun haye. Mu mun ɗauka a ɓoye yake cikin duhu, ba ya ganinmu ba ma ganinsa. Ashe duk Lahadi yana zaune yana kallon ƙeyoyinmu a jere, wuya a sandare, kowa a kan rigar sirdin da ya ɗinka masa. Ranar da yake kwance a laka ma, in idonsa a buɗe yake, abin da ya gani ke nan.

Taubashi ya dafa dutsen. "Kai baduku," ya ce a hankali, kamar zai tsokane shi.

Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya gyara murya ya ce, "Daga yau ƙafa tana shiga." Duk a ƙafa muke tsaye cikin yashin rafi, wanda maganar za ta amfana kuwa ya daɗe a ƙasa.

Ba a taɓa cewa an rushe kulob ba. Lahadi ta zagayo, ba wanda ya fito. Rumfar ta yi ta shan ruwa har ta zube, aka kwashe itacen. Ni yanzu da sanda nake yawo. In na ji ƙararrawar keke a bayana, ko ta mai tallar burodi ce, nakan tsaya in juyo gaba ɗaya in dube shi sosai, har mai keken ya yi mamaki ya rage gudu ya ce, "Baba, lafiya?" In ce masa lafiya lau, kai fa?